Muhawara: Haidirojin a bututu ko fetur a tanka, wanne ya fi mana aminci a Zamfara?

Na Mafara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, na kuma san za a yi mini ca, amma a bari in kai aya. Tun ranar da tankar nan ta faɗi a Majiya ta Jigawa cikin Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka ƙone wajen ɗibar fetur, bayan wata uku aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, abu guda nake ta juyawa a raina. Fetur ruwa ne. Yana zuba, yana kwanciya a kwalbati, ana sa bokiti a kamfata. Haidirojin kuwa iska ce, ta fi wadda muke shaƙa rashin nauyi sau 14, tana samun kafa sai sama. Ba mai tara ta a jarka, ba ɗan bumburutun da zai saye ta a hannunka. Don haka ga matsayina: haidirojin ta fi fetur aminci. Kuma tsohon bututun nan da ya taso daga Zariya zuwa daffon Gusau, wanda yake kwance tunda matatar Kaduna ta tsaya, da za a gyara shi a riƙa turo mana haidirojin, da an raba mu da tankoki a hanyar Funtuwa. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Baban Yusra Direba: Wa alaikumus salam. Allah shi yi maka albarka yaro, da ka tuna da bayin Allahn nan. Ni shekara goma sha tara ina jan tanka, kuma sau guda na taɓa tsayawa gaban wadda ta kihe. Ba tawa ba ce, ta wani abokin aikinmu ce, muna bin juna. Abin da mutane ba su gane ba, ba man da kake gani ƙasa ne abin tsoro ba, tururinsa ne. Shina da nauyi, shina rarrahe bisa ƙasa awa maciji, shi bi gangare shi tai nesa. Ina tsaye wajen taku hamsin amma idanuna na yaji, maƙoshina na ɗaci. Munka yi ta ihu muna korar mutane, mu muna gudu baya su suna gudu gaba da robobi. Wata tsohuwa da tukunyar miya ta zaka. Allah ya tsare ran nan wuta ba ta tashi ba, amma har yau in na tuna sai jikina shi yi sanyi. To in akwai man da ba a iya ɗiba da tukunya, ni ina bayanka. Tun Maris na 2025 anka hana tanka mai lita 60,000 lodi, amma ko mai 33,000 ta ishi gari guda kuka.

Auta: Ni ma ina bayan Yaya Na Mafara. Ai har bidiyo na gani a Facebook, wani ya haɗa wa motarsa kwalba da wayoyi tana tafiya da ruwa zalla. Ashe haidirojin ɗin ce yake cirewa.

Maman Hanif: Auta, tsaya in fara da kai don taka ta fi sauƙi. Wannan kwalbar ba gaskiya ba ce. Ruwa shi ne abin da ya rage bayan haidirojin ta riga ta ƙone, kamar yadda toka take bayan itace. Kafin ka raba ruwa ka fitar da haidirojin sai ka zuba wutar lantarki, kuma wutar da za ka zuba ta fi ƙarfin da za ka samu in ka ƙona iskar. Batirin motar ne ke ba kwalbar wuta, inji ne ke cajin batirin, fetur ne ke juya injin. Ina ribar? Duk shekara sai na yi wa ɗalibaina wannan gwajin da batir da fensir biyu a cikin kofi, suna ganin kumfa na tashi, suna kuma ganin batirin na mutuwa. Kada ka ba kowa kuɗinka.

Sai kai ƙanena Na Mafara. Rabin maganarka gaskiya ce, a fili haidirojin tana tashi sama ta watse. Amma ka ɓoye mana ɗaya rabin. Iskar gas irin wadda za a turo ta bututun Ajakuta zuwa Kano ba ta kama wuta sai in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri. In ta gaza haka ba ta kamawa, in ta wuce haka ma ba ta kamawa. Haidirojin daga kashi 4 har zuwa 75 duk a shirye take. Sannan tartsatsin da take bukata bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda gas yake bukata ba. Irin ɗan tas ɗin nan da kake ji in ka cire rigar leda lokacin hunturu ya ishe ta. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma harshen wutarta da rana kusan ba a ganinsa. Mutum zai iya takawa ya shiga cikin wuta bai san akwai ta ba.

Na Mafara: Anti Malama, gas ɗin girki ma ai ba shi da wari, saka masa ake yi. A saka wa wannan mana.

Maman Hanif: Ana iya sakawa in ƙonawa za a yi a murhu. Amma motocin haidirojin ba ƙona ta suke yi ba, wata na'ura ce ke haɗa ta da iskar da muke shaƙa ta fitar da lantarki, kuma sinadarin warin nan mai ƙibiritu yana kashe na'urar. Ka ga ko ka samu wari ka rasa mota, ko ka samu mota ka rasa wari.

Ɗan Rewaya: Salamu alaikum, a yi mini afuwa in sa baki, don ni na taɓa ganin aikinta da idona ban ma san sunanta ba sai daga baya. Shagona na cajin batir ne da gyaran waya, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, tagar ƙarama. Wata rana da damina na jona batir shida na manyan motoci, aka fara ruwa na ja ƙofa. Yarona ya zo duba ruwan batir, wuta ta ɗauke, sai ya kyasta ashana ya leƙa ramin. Wallahi ƙarar kamar an harba bindiga a kunnena. Murfin batirin ya tsage gida uku, ruwan batir ya watsu har rufi, rigarsa ta zama tsumma washegari. Allah ya taimake mu akwai randa a bakin ƙofa, na danna kansa ciki ina ta wanke masa ido kafin mu tafi asibiti. Idon ya tsira, amma tabon na nan a kumatunsa. Wannan fa ɗan abin da batir ke fitarwa ne in yana caji. Tun ranar na fasa bango ta sama na yi tagogi biyu. Ita tana tashi sama ɗin, gaskiya ne, to in saman kwano ne fa? Can take taruwa ta jira ka.

Na Mafara: Allah ya ƙara kiyayewa Oga. Amma ka lura a ɗaki abin ya faru, ƙofa a rufe. Ni bututu nake magana, a daji, a sarari. Kullum in an ce haidirojin sai a kawo labarin jirgin balan-balan na Jamus da ya ƙone a Amurka a 1937. To ko shi ɗin, mutum 97 ne a ciki, 62 sun fita da rai, saboda wutar sama ta yi. A kwatanta da Jesse ta jihar Delta a 1998, inda bututun fetur ya kashe sama da mutum 1,000. Kuma ba sabon abu nake kawowa ba. A yankin Ruhr na Jamus akwai bututun haidirojin da yake aiki tun 1938. A Amurka akwai wajen kilomita 2,600, yawanci a Texas da Louisiana. A Ingila, kafin su koma gas na ƙarƙashin teku, gas ɗin da ake tura wa gidaje kusan rabinsa haidirojin ne, da shi kakanninsu suka yi girki. Su ba mutane ba ne?

Injiniya: Assalamu alaikum. Na yi shiru ina karantawa ne don in ga inda za a dosa. Ɗana Na Mafara, ka yi karatu, kuma duk abin da ka lissafo haka yake. Inda muka rabu da kai shi ne tsohon bututun Gusau. Na yi shekara ashirin da biyu a aikin bututu a Kudu kafin in dawo gida, bari in gaya maka abin da ƙarfe yake yi.

Haidirojin ita ce mafi ƙanƙanta a duk sinadaran da Allah ya halitta. In ka matsa ta a cikin bututun ƙarfe, ba ta tsayawa a ramin kawai, tana kutsawa cikin naman ƙarfen kansa. Ƙarfe mai kyau yana da danƙo, in an matsa masa yana ɗan miƙewa kafin ya karye, shi ya sa ake ganin alama a gyara. In haidirojin ta shige shi sai danƙon ya ragu, ya koma kamar busasshen kara. Ƙaramar tsaga da za ta yi shekaru ba ta motsa ba sai ta fara tafiya, musamman in matsin yana hawa yana sauka. Kuma ba ko'ina take fara ci ba, wurin walda take nema, da wurin da tsatsa ta ci, da wurin da aka taɓa ƙwanƙwasa.

To yanzu ka tambayi kanka, bututun da ya shekara arba'in da wani abu a ƙasa, wanda aka yi shi don ruwa, fetur da kananzir da gas na manyan motoci, walda nawa ce a jikinsa? Faci nawa? Ni da hannuna na tsaya an tone wani layi a Kudu, a tsawon da bai fi daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari ba muka ƙirga huda goma sha ɗaya na ɓarayi. Wata an toshe ta da katako an naɗe da robar taya. Wata an ɗaura mata famfo irin na gidan wanka. Fetur yana iya zama a bayan irin wannan facin yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Haidirojin ko kallonsa ba za ta yi ba.

Sannan injinan da ke tashoshin layin famfunan ruwa ne, ba sa tura iska. Bawul-bawul ɗin da robobin da ke bakinsu duk sai an canja. In ka cire bututu, ka cire famfo, ka cire bawul, me ya rage na tsohon layin? Sai filin da ya bi.

Na Mafara: Ranka ya daɗe Baba Injiniya, na ji. Amma a Oktoban 2024 Jamus ta amince da shimfiɗa layin haidirojin na kilomita 9,000 da ɗoriya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 tsofaffin bututu ne za a juya. In ƙarfe na lalacewa haka, su ba su sani ba ne?

Injiniya: Sun sani, shi ya sa suke abin da mu ba mu yi. Na farko, nasu bututun gas ne tun asali, an yi su don matsin iska. Na biyu, kowane gaɓa yana da takarda: wane irin ƙarfe ne, wace shekara aka yi waldar, wa ya duba. Akwai wata na'ura da ake sakawa cikin bututu ta bi shi daga tasha zuwa tasha tana auna kaurin ƙarfe tana nuna inda ya tsage, suna tura ta a kan lokaci, suna ajiye sakamakon. Wanda bai ci jarrabawa ba a cire shi. Bututun Ruhr da ka ambata kuwa matsinsa kaɗan ne, kuma tsakanin masana'antu yake, masu shi suna kwana a kansa. Kai kana maganar layin da zai ratsa daji kusan kilomita ɗari biyu.

Kuma ka ƙara da wannan. A buhu ɗaya, wato in an auna da girma, haidirojin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin gas take ɗauke da shi. Kafin ka isar da abin da gas zai isar sai ka tura ninki uku. Ƙarin gudu, ƙarin injin matsawa, ƙarin wahala ga ƙarfen da ya riga ya gaji.

Ɗan Tsafe: Baba ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ku kuna maganar ƙarfe, ni ina maganar dajin. Wa zai bi layin? Mu da muke nan mun san akwai gonakin da shekara da shekaru mai su bai taka ba. Ma'aikacin da za a ce ya ɗauki na'urar gano yoyo ya bi bututu a ƙafa, da wace rundunar zai shiga? Na Mafara ya ce ɓarawo ba zai huda ba tunda ba ya iya ɗiba. To wanda ke yanke wayar lantarki wutar yake sha? Ƙarfen yake so. Kuma ba kowane mai ɓarna ne ɓarawo ba, wani so yake a biya shi kafin ya bari a wuce. Yau manomi na biya kafin ya girbe geronsa, gobe sai a ce bututu ma ya biya.

Baban Yusra Direba: Wanga gaskiya ne ɗan'uwa. Amma ku tuna mu ma cikin dajin nan muka biyowa da lita dubbai bayanmu. Ba a kwana hanya, ba a tafiyar dare, in taya ta hwashe tsakanin Yankara da Tsahe sai addu'a. Kada a ce tunda bututu na da haɗari to a bar mu haka. Bututu ko na mi ne ya hi tanka.

Injiniya: Alhaji, a nan ni da kai bakinmu ɗaya. Bututun da ake kula da shi ya fi tanka aminci nesa ba kusa ba, duk duniya an yarda da haka. Da za a tambaye ni, cewa zan yi a gyara layin ya koma ɗaukar abin da aka yi shi dominsa, tankoki su riƙa lodi a Gusau zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi kamar da, a maimakon su taso tun daga Legas. Wannan kaɗai zai rage dubban kilomitoci na haɗari. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki iskar da ta fi kowace wuyar riƙewa a zuba a bututun da ya fi kowane rauni.

Maman Hanif: Akwai kuma tambayar da ba wanda ya yi. Ita haidirojin ɗin daga ina? Ba a haƙo ta kamar ɗanyen mai, ƙera ta ake yi. Kusan duk wadda duniya ke amfani da ita yau, tan miliyan 90 da wani abu a shekara, daga gas da kwal ake fitar da ita, hayaƙin kuma ya tafi sama. In kuwa da lantarki za a raba ruwa, kilo ɗaya yana cin yunit 50 zuwa 55 irin na mitar gidanka, da tataccen ruwa aƙalla lita 9. Kilo ɗayan nan zai kai ƙaramar mota wajen kilomita 100. Yunit hamsin ɗin in ka zuba su kai tsaye a mota mai batir za ta yi fiye da ninki biyu na haka. Mu da muke sayen ruwa a kura a Gusau, muke kwana uku ba wuta, da wanne za mu fara?

Na Mafara: Rana fa Anti? Abin da Allah ya hore mana kenan. Ga Bakolori da ruwa, ga fili. Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba a haƙo ta. A Mali, wani ƙauye da ake kira Burakebugu, a 1987 masu haƙar rijiyar burtsatse suka ci karo da iska tana fitowa, wani ya matso da taba a bakinsa ta kama da wuta, aka toshe ramin. Bayan shekara ashirin da wani abu aka buɗe aka auna, ashe haidirojin ce kusan zalla, aka sa janareta ƙauyen ya samu lantarki. Mali fa, ba Jamus ba.

Maman Hanif: Na karɓi gyara, akwai ta a ƙasa a wasu wurare, kuma labarin Mali gaskiya ne. Amma ka duba yadda suka yi da ita: a bakin rijiyar suka ajiye janareta, waya ce ta shiga gari. Ba su ja bututu ba. Ko Saudiyya da take gina babbar masana'anta a Neom, wadda aka tsara za ta fitar da tan 600 a rana da hasken rana da iska, ba haidirojin za ta loda a jirgi ba, sai ta mayar da ita amoniya tukuna, don ita ce ake iya ɗauka. Masu kuɗin duniya ma gudun jigilarta suke.

Kuma kada mu manta ƙarshen bututun cikin gari yake. Motar Toyota Mirai mai amfani da haidirojin tankinta na ɗaukar matsi kusan ninki 300 na iskar tayar ƙaramar mota. CNG, wato iskar gas da ake matsawa a tukunya, da aka fara juya motoci zuwa gare shi bayan cire tallafi a 2023 bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba, amma a Oktoban 2024 mota ta tarwatse a gidan gas a Benin ta jihar Edo saboda tukunyar da aka ɗaura mata haɗin gida ce. A Nowe, ƙasar da ba a wasa da doka, gidan sayar da haidirojin ya fashe a 2019 saboda wani toshi da ba a ɗaure daidai ba. A Ingila an so a gwada ɗumama gidaje da ita a Whitby da Redcar, duka biyun aka fasa a 2023, na farkon don mutanen garin sun ƙi.

Kawu na Bakolori: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ya karanta mani dut abin da kunka rubuta. Ni ba boko gare ni ba, shinkahwa da albasa na sani. Amma na ji Malama ta ambaci amoniya, kuma na taɓa jin malamin gona na hwaɗin da ita aka yin yuriya. Shin wagga iska da kuka gardama a kai, ita ce cikin takin da muka saye da tsada?

Maman Hanif: Ita ce Kawu, Allah ya ƙara girma. Ana fitar da haidirojin daga gas, a haɗa ta da wani sinadari da ke cikin iskar da muke shaƙa, su zama amoniya, daga nan a yi yuriya. Masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2022, abin da take yi kenan, an gina ta don tan miliyan 3 a shekara. A cikin harabar ake ƙera haidirojin ɗin, a cikinta ake cinye ta, ba ta fita ƙofa sai ta zama farin ƙwayar nan da kuke watsawa.

Kawu na Bakolori: To ashe mun daɗe muna ɗaukar ta bisa jaki ba mu sani ba. Ni dai in za ku kai kuka gun manya, ku ce a kawo muna ita cikin buhu. Buhu ba ya hwashewa da wuta, kuma bana sai da na rage kadada guda don taki ya hi ƙarhina.

Injiniya: Yaya, maganarka ta fi tamu nauyi. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano kilomita 614 ne, faɗinsa inci 40, an ƙaddamar da aikin a 2020. In gas ya iso Arewa, abin da ya kamata wakilanmu su nema shi ne masana'antar taki kusa da layin. A nan haidirojin za ta yi mana aiki a bayan katanga, ƙarƙashin idon mutanen da aka horar, da na'urorin da ke jin yoyonta suna ganin wutarta.

Na Mafara: To, gaskiya ɗaya ce. Maganar tsohon bututu na janye ta, Baba Injiniya ya gamsar da ni. Amma ban janye ta farko ba. Har gobe ina nan a kan cewa in tanka biyu suka faɗi a fili, ɗaya fetur ɗaya haidirojin, ta fetur ce za ta fi cin rai, don ita ce ke kiran mutane da bokiti.

Maman Hanif: Ni kuma ban sallama maka wannan ba ƙanena. A fili tsakiyar daji, wataƙila. Amma tanka ba a daji kawai take faɗuwa ba, tana faɗuwa a gaban rumfunan kasuwa, a ƙarƙashin gada, a bakin gareji. Kuma 'yan kwana-kwanan da za a kira, da me za su ga wutar da ba a gani? Gubar dalma da ta kashe mana yara sama da 400 a 2010 ba ta da wari ba ta da ƙara, shi ya sa ta daɗe tana ɓarna kafin a farga. Ni abin da ido ba ya gani ya fi ba ni tsoro a wurin da ba kayan aunawa.

Ɗan Tsafe: Kafin a watse, Baba Injiniya ina da tambaya ta gaske. Shi wannan tsohon layin da yake kwance, babu komai a cikinsa? Don na san wuraren da a da akwai turakun siminti masu nuna hanyarsa, yanzu babu su, gari ya ci wurin, har da masu haƙa masai.

Injiniya: Kada kowa ya ɗauka babu komai. Layin da aka daina turawa ba lalle ne an wanke shi ba, kuma bututun da ya rage saura da tururi ya fi cikakke saurin fashewa, kamar yadda duk mai walda ya san tankin da ba mai a ciki shi ne ke kashe mutum. Abule Egba ta Legas a Disambar 2006, inda sama da mutum 200 suka mutu, a tsakiyar unguwa bututun yake. Duk wanda yake haƙa ya ji digarsa ta daki ƙarfe mai zagaye, ya tsaya, kada ya sa wuta, kada ya kira mai yanka, ya sanar da mai unguwa a kai maganar ga hukuma. Ɗan Tsafe, in za ka iya, ka samo mana sunayen unguwannin da turakun suka ɓace, ni zan rubuta takardar, Malama ta duba Hausar, mu kai wa masu unguwannin da limaman Juma'a.

Ɗan Tsafe: In sha Allahu zuwa Laraba zan turo.

Baban Yusra Direba: Ku sa da ni cikin masu sa hannu. Ni gobe da asuba ina kama hanyar Legas ɗauko kaya, kwana biyar ko shida kamin in dawo. A sa mu addu'a.

Kawu na Bakolori: Allah shi kai ka lahiya shi maido ka lahiya, Alhaji.